Kwamfutar da Ta Yi wa Goggo Shaida

Ranar Talata da hantsi Goggo ta amsa kiran Mahaliccinta, kafin la'asar kuma layinmu na Abbaganaram ya cika har masu keke suka daina shigowa, suna sauke mutane a bakin titi. Na Allah muke, wurinsa za mu koma; mun faɗa, mun sake faɗa, har muryoyinmu suka dushe. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba sai a ranar, shi ne yawan matan garin nan da ƙanwar mahaifina ta taɓa watsa wa ruwan zafi a baya.

Kowacce ta shigo, ta gyara laffaya, ta sami gefen tabarma, bayan "ya haƙuri" sai ta ɗora da tata shaidar. "Ita ta yi mini wankan ɗan fari." "Ni uku ta yi mini." Wata dattijuwa daga bayan Kasuwar Kwastam ta ce ita da 'yarta da jikarta duk a hannun Goggo suka yi arba'in, tana faɗa tana ɗaga kai kamar wadda ta ci gasa. Mai kifin da Goggo ta shekara da shekaru tana saye a wurinsa a Baga Road ya aiko da kwandon banda, da saƙon cewa yau ya rasa wadda ta fi kowa raina masa kaya, kuma bai san abin zai yi masa ciwo haka ba.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, tsohuwar Babarbariyar da suka kusa shekara arba'in suna faɗa da Goggo a kan ganyen darbejiyarmu da ke zuba a tsakar gidanta, ta kafa kujera a bakin ƙofa tana ce wa duk mai shigowa "Wushe, wushe," wato sannu da Barbarci, sai ka ce ita ce mai gidan. Da mutane suka ɗan ragu ta kamo hannuna, ta ce da Hausarta mai karkata: "Yanzu ni da wa zan yi faɗa? Bishiya yana nan, mai bishiya babu."

Amma kukan da ya fi ba mutane mamaki shi ne na yayar mijina, wadda duk muke kira Yakura, yadda ake kiran babbar ya a gidansu. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga mutuwa har ta saba da ita, ko a rasuwar mahaifinsu ban ga hawayenta ba. Ranar nan kuwa ta zauna a ƙofar ɗakin Goggo ta rufe fuska da gefen laffaya tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Waɗanda suka san abin da ya taɓa shiga tsakaninsu suka riƙa satar kallon juna. Saboda masu wannan kallon, da kuma saboda 'yata da za ta girma ta ji rabin labari a bakin mutane, na ce bari in rubuta shi dukansa.

Goggo ba ta haihu ba. Allah bai ba ta nata ba, sai ya ba ta na kowa. Kakanmu ne ya zo daga Kano da fataucin yadi ya zauna, ita a nan aka haife ta, tana jin Barbarci kamar 'yar gida, amma ba ta yinsa sai in za ta yi ciniki ko za ta yi faɗa. Ina shekara shida mahaifiyata ta rasu, Goggo ta naɗe tabarmata ta kai ɗakinta, ba ta nemi shawarar kowa ba. Daga ranar ban sake jin wani ya kira ni marainiya a gabanta ba.

Sana'arta wankan jego. Tana da rabin ganga baƙa ƙirin da take dafa ruwa a ciki, kuma ba ta yarda kowa ya hura mata wuta, wai wutar wani ba ta san hannunta ba. Ganyen darbejiya da kanta take tsinkowa ta ɗaure. Zafin ruwa ba da yatsa take gwadawa ba, da gwiwar hannu ne, ta ce yatsa maƙaryaci ne, ya saba da tukunya. In mai jego ta kurma ihu da saukar ruwan farko, Goggo ko a jikinta, sai ta ce: "Yi ihunki, maƙwabta sun saba." Bayan wanka ga kunun kanwa, ga farfesun banda mai yaji, kuma tana tsaye a kanki sai kin ga ƙasan kwano.

Ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Amma in ta zauna a kujerarta ta tsakar gida ta sa miki ido, gara likita ya sa miki abin aunawa. Maganarta ke nan kullum: "Ni ba na karatu, amma ina kallo." Muna yara mukan kwaikwaye ta a bayan idonta, mu ɗaure ɗankwali a karkace mu ce "ina kallo," mu fashe da dariya. Ban san wata rana numfashina zai rataya a kan wannan kallon ba.

Da na haifi 'yata ta fari na dawo gida wurinta, ta yi mini wankan da take yi wa kowa, har da ƙari don ni tata ce. Muka yi arba'in lafiya, ko kuma haka muka zata. Sai na lura in na share ɗaki ina haki. Daga baya ko goyo na ɗauka sai na nemi bango. Daga ƙofar ɗakin Goggo zuwa famfon tsakar gida taku goma sha ɗaya ne. Na san haka ne don akwai lokacin da sai na ƙirga su kafin in tashi, in yanke wa kaina inda zan tsaya in huta. Komawa gidan mijina ya gagara, aikin koyarwata ya tsaya, ƙafafuna suka fara kumbura.

Mijina ya kai ni wani asibitin unguwa. Likitan ya yi mini tambaya uku. Haihuwa kika yi? E. An yi miki wankan zafi? E. Kin sha kunun kanwa? E. Ya gyaɗa kai, ya rubuta. Ya ce zuciyata ce ta yi rauni, irin raunin da ke kama mata bayan haihuwa, ya ba ni maganin rage ruwa a jiki. Har yau ban ga laifinsa sosai ba. Layin da ke bayana ya kai bakin ƙofa, kuma a ƙasar nan tamu, mai jegon da ta zo tana haki da kumburi, kowa ya san sunan da ake fara kira. Shi ya sa ba wanda ya ga dalilin tambaya ta huɗu.

Da yammacin ranar Yakura ta shigo gidanmu da farin kayan aikinta, ko sallama ba ta gama ba. Goggo tana tsintar ganye, maƙwabta biyu suna zaune.

"Hajiya, kin ga abin da kika yi?" in ji Yakura. "Kin dafa mata zuciya. Shekara nawa muna faɗa muku, ruwan nan da kanwar nan kashe mata suke yi, ba kwa ji. Yanzu ga shi a kan 'yarki."

Goggo ta ɗago kai a hankali. "Ke ranar da aka haife ki, da ruwan firiji aka yi wa uwarki wanka?"

"Ba wasa na zo yi ba, Hajiya. In wani abu ya sami yarinyar nan, ki sani hannunki ne."

Maganar ba ta kwana a gidan ba. Kafin sati ya zagayo, wata da ta yi alkawarin kawo 'yarta ta aiko cewa sun fasa. Ta biyu ko aike ba ta yi ba. A famfon unguwa aka fara cewa tsohuwar nan hannunta ya yi nauyi, ba ga tata 'yar ba a kwance. Wata safiya na leƙo na ga Goggo ta kife gangarta a bayan madafa, ta ɗora mata dutse. 

Wanka ta daina, kallo ne ba ta daina ba. Bayan azahar in na kwanta hutawa sai ta jawo kujerarta bakin ƙofa, 'yata a cinyarta, ta zuba mini ido. Rannan na farka ta ce:

"'Yar nan, kin san a miƙe kike barci?"

Na ce, "To a yaya zan yi, Goggo?"

"Babu matashi, babu komai, kin shimfiɗe kin yi barcinki. Ni na ga masu zuciyar jego, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har a hannuna an yi, ni na raka su asibiti. Ba sa iya kwanciya. A zaune suke barci, a jingine da bango, suna tari. Ke kuwa kwanciya ba ta dame ki ba, sai kin tashi tafiya numfashi ke guje miki. Wannan ba wancan ba ne."

Ta faɗa wa mijina, ya sunkuyar da kai ya ce "To, Goggo," irin "to" ɗin da ake yi wa tsofaffi don a wuce wurin. Ta faɗa wa Yakura, Yakura ta ce duk wanda aka kama dole ya nemi abin faɗa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na ɗauka wanke kanta take son yi. Akwai ranar da ta kawo mini farfesun banda da ta sha rana ta je Baga Road ta zaɓo da hannunta, na ce na ƙoshi, alhali ban ci komai ba. Tsoron hannunta nake ji. Ta gane. Ta rufe kwanon ta ajiye a gefena, ta fita tana gyara ɗankwali. A duk abin da na yi a rayuwata, wannan "na ƙoshi" ɗin ne ya fi tsaya mini a rai.

Wata tara ina shan magani, ina fitsari kamar an buɗe famfo, kumburi ya ragu, numfashi kuwa sai baya yake yi. Rannan na ɗauki buta zan yi alwalar la'asar, a taku na tara duhu ya rufe ni. Na farfaɗo kaina a cinyar Goggo, tana kiran sunan Allah da wata murya da ban san tana da ita ba.

Yakura, a ba ta haƙƙinta, ba ta yi wasa ba. Washegari ta kai ni babban asibiti. Aka yi mini hoton zuciya, aka haɗa ni da wata likita, matashiya, siririya, mai magana a hankali. Ita ta fara faɗa mana sunan abin: hawan jinin huhu. Ta ce ba irin wanda ake aunawa a dantse ba ne. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, in hanyar ta matse sai ya riƙa turawa da ƙarfi har ya gaji. Ta ce sunan ɗaya ne amma mafarin daban-daban. Wani daga ɓangaren hagu na zuciya yake tasowa, in ya yi rauni jini ya taru a baya. Wani huhun ne kansa ya lalace, da hayaƙi ko tsohon tarin fuka. Wani ƙananan jijiyoyin ne suke tsukewa don kansu. Wani kuma gudan jini ne ya tsufa a cikin jijiya ya toshe hanya. Maganin wani ba ya yi wa wani, har yakan cutar. Don haka kafin komai sai an san wanne ne nawa.

Aka sa ni a na'urar hoton ƙirji, irin wadda ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobe bayan an yi masa allura. Sakamakon farko ya ce ba a ga sabon gudan jini ba. Yakura ta ce ai ta faɗa, zuciya ce. Likitar dai ta ce mu dawo bayan kwana biyu. Ta ce suna da wata manhaja a kwamfuta da sashensu ke gwadawa, wadda ke bin hoton yanki-yanki tana auna faɗin jijiyoyi da girman ɗakunan zuciya da lafiyar huhu, sannan ta nuna wane iri ne hoton ya fi kama da shi. Tana so ta sa nawa a ciki.

Ranar komawa Goggo ta ce za ta bi mu. Yakura ta ce babu wuri, kuma ba a son taro. Kafin ta rufe baki Goggo ta riga ta shige keke ta zauna a tsakiya, jakarta a cinya, tana kallon gaba. Haka muka tafi a matse.

Mun shiga ofishin likita da hantsi. Ta gaishe mu, ta buɗe fayil, ta fara yi mini tambayoyi. Goggo ba ta jira an zo kanta ba.

"Likita, a miƙe take barci."

Yakura ta ce, "Hajiya, don Allah..."

Likitar ta ɗaga mata hannu, ta ajiye bironta, ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Goggo. "Mama, sake faɗa mini."

Goggo ta sake faɗa, tiryan-tiryan, yadda ta faɗa mini: masu zuciyar jego a zaune suke barci, wannan kuwa sai ta tashi tafiya.

"Me kuma kika gani, Mama?"

Wata tara ke nan ba wanda ya yi mata wannan tambayar.  Goggo ta ce akwai abu ɗaya. A sati na biyu da haihuwa sharaɓata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ita kaɗai ban da ta dama. Ta ce ta ɗauka iska ce ta shiga, ta sa man shanu ta yi ta matsa mini kwana uku har ta saɓe. Ni na ma manta da an yi haka. Ita ba ta manta ba, kuma ta san faɗin zai iya zama igiyar da za a ɗaure ta da ita a gaban wadda ke zarginta. Ta faɗa duk da haka.

Likitar ta juyo mana da fuskar kwamfutar. Na ga huhuna, jijiyoyin an yi musu launi, sun bazu kamar rassan darbejiyarmu. A wasu wuraren rassan sun tafi har ƙarshe, a wasu kuwa sun yanke a hanya, bayansu fili. Ta nuna mana ɓangaren hagu na zuciyata, ta ce kwamfutar ta auna shi, girmansa daidai, babu alamar jini na taruwa a bayansa. Naman huhun lafiya lau. Ɓangaren dama ne ya buɗe don wahala. Ta ce da ta haɗa waɗannan, sai ta nuna cewa hoton ya fi kama da na tsohon gudan jini. Ta ce ita na'urar ba ta yanke hukunci, nuni kawai take yi, don haka ta ɗauki hoton ta kai wa babbansu mai karanta hotuna, suka koma daidai inda ta nuna da idonsu. Suka ga tsoffin gudajen sun yi siriri sun manne a bangon jijiya, irin waɗanda idon da ke neman sabon guda yakan wuce bai lura ba. Abin da ya rage musu shi ne su san ta ina gudan ya fito, tunda takarduna duk ba su ambaci ƙafa ba.

"Mama," in ji ta, "abin da kika faɗa yanzu, shi kwamfutar nan ta nuna mini jiya."

Goggo ta matso da kujerarta, ta ƙura wa allon ido. "Ita ma ta gani?"

"Ta gani."

"To, mun zama biyu," in ji Goggo. "Alƙali ma shaida biyu yake nema."

Likitar ta yi dariya, sannan ta juyo gare ni. Ta ce sauran gwaje-gwaje suna nan kafin a tabbatar, amma in haka ne, a cikin dukkan ire-iren nan, wannan ne wanda ake iya yi wa aiki a cire. Ta ce ina da hanya.

Na zata Goggo za ta rangaɗa guɗa a nan take. Ba ta yi ba. Ta ce, "Likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ruwana ne?"

"A wannan karon ba ruwanki ba ne, ba kuma kanwa ba ce. Amma kada ki ji na ce ba sa cutarwa, Mama. Suna cutar da wasu."

"Matsar da na yi fa?"

Likitar ta ce, "Gudan jini ne a ƙafar. Ko an matsa ko ba a matsa ba yana iya tafiya huhu, ba mai iya ce miki ga abin da ya tura shi sai Allah. Amma irin wannan ƙafar ba a matsa ta, asibiti ake kawo ta a ranar."

Goggo ta gyaɗa kai sau biyu, kamar mai ɗaure abu a bakin zane.

A barandar asibitin, mutane na wucewa, Yakura ta durƙusa a gabanta da farin kayanta, ta ce, "Hajiya, ki yafe mini." Goggo ta dube ta daga sama ta ce, "Tashi, za ki ɓata kayan gwamnati. Ke kin zarge ni da abin da ban yi ba, ni kuma na yi abin da ba ki sani ba. Mun yi kunnen doki." Ta miƙa mata hannu, wai ta taimaka mata sauka daga matakala, alhali kowa ya san Goggo ba ta buƙatar hannun kowa.

Gwaje-gwajen suka tabbatar. Aka sa ni a maganin tsinka jini, dangi na Kano da na Borno suka haɗa kai, bayan wasu watanni ni da mijina muka tafi Masar aka yi aikin. Goggo ta riƙe 'yata, ita ta koya mata tafiya, ita ta koya mata tsiwa. Ranar da na dawo, ko zama ba ta bari na yi ba. Ta tsaya a bakin famfo ta ce in taho daga ƙofar ɗakinta. Na taho. Goma sha ɗaya, ban tsaya ba. Ta ce in koma. Na koma. Ta ce in sake. A zuwa na huɗu ne ta saki guɗar da ta riƙe tun daga ofishin likita, guɗar da ta sa tsohuwar Babarbariya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko wani aka haifa. Goggo ta ce mata da Barbarci, e, an haihu, kuma wannan karon ba sai an yi wanka ba.

A satin ta ɗauke dutsen, ta tayar da gangarta. Amma wankan da ta dawo da shi ba na da ba ne. Ruwan ta rage masa zafi, ta ce gwiwar hannunta ta tsufa, ba ta son wuta. Ƙarya take yi, mun sani, ta sani. Kanwa ta fita daga kununta. Mai jego ba ta isa ta wuni a kwance ba, sai ta zagaya tsakar gida Goggo na bin ta a baya tana ƙirgawa. Kowace safiya kafin ruwa ya taɓa jiki, sai ta duba sharaɓa biyu ta gwada su da ido. Mata suka dawo, har da waɗanda suka fasa, kuma ba ta taɓa tuna musu ba sai sau ɗaya-ɗaya in ta ga sun sake.

Ita da Yakura kuwa suka zama abin kallo. Sai ka ji Goggo a waya tana ihu, don har ta rasu ba ta yarda waya na kai magana in ba a ɗaga murya ba: "Yakura! Ga wata ƙafa nan, ban taɓa ba, ina turo miki!" Ɗaya daga cikin waɗannan ƙafafun ta matar mai kifin nan ce na Baga Road. An kama gudan tun yana ƙafa, bai kai ko'ina ba. Ta zo ta'aziyya da yaronta a hannu, ta zauna kusa da Yakura, tana hawaye.

Takardar da likita ta buga mata mai hoton jijiyoyina, a cikin kwallar turaren wutarta take ajiye ta, har takardar ta kama ƙamshi. Duk baƙon da ya zauna ya wuce minti goma sai an fito masa da ita, wani lokacin a juye, ta nuna masa inda rassan suka yanke ta ce, "Ni da ƙawata muka gano wannan." Ƙawarta ita ce kwamfutar. Duk ranar da zan koma ganin likita sai ta ce in gaishe ta. Akwai ranar da ta ƙulla turare ta ba ni in kai wa likitar, ta ƙara wani ƙaramin ƙulli ta ce wannan a turara wa waccan, tunda ita ba ta cin abinci. In mutane suka ce ai na'ura ta fi mutum, sai ta ce a'a, ita ma kallo take yi, bambancinsu kawai ita an yarda da nata da wuri.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba, sati biyu ne. Ana jibi za ta rasu, da rana tsaka, ta kira ni ta ce in zauna a bakin gado. Na ce, "Goggo, akwai farfesun da na taɓa ƙi." Ta ce, "Na cinye abina, ya yi daɗi, ke kika yi asara." Sannan ta kama hannuna ta ce, "Ke za ki yi mini wanka. Ba na son baƙon hannu. Kuma kada ruwan ya yi zafi, ni ban haihu ba."

Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta rufa wa mata asiri a lokacin da suka fi kowa rauni, ka rufa mata nata. Ta faɗi gaskiya a ranar da gaskiyar za ta iya kayar da ita, ka tsayar da ita a ranar da ƙafafu ke rawa. Ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi.

Ranar Talatar, kafin layin ya cika, kafin a fara shimfiɗa tabarmi, na ɗauki bokiti biyu na nufi famfo. Yakura ta taso da sauri za ta karɓa, ta ce in tuna da ƙirjina. Na ce mata ƙirjin nan ai na Goggo ne, ta bar shi ya yi mata aiki. Na cika su, na ɗauka ɗaya a kowane hannu, na taho daga famfo zuwa ƙofar ɗakinta. Taku goma sha ɗaya. Sau uku na yi sawun nan, ban ajiye a hanya ba, ban nemi bango ba. Na sirka ruwan da kaina, na naɗe hannun rigata, na tsoma gwiwar hannu na gwada. Bai yi zafi ba.